Abin da Na Yi wa Taubashina a Shagon Gem

Ba zan faɗi sunana ba, domin mahaifina yana raye, kuma har yanzu yana cin kasuwar Waca kamar kowane dattijo. Abin da na jawo masa ya isa haka. Ban kashe rai ba, amma na yi shekaru a gidan kaso, kuma akwai mutum a Magariya da har yau yake biyan abin da hannuna ya yi. Ku samari nake yi wa wannan rubutu, musamman waɗanda suka san zaman benci a shagon gem, ana jiran a ci wani ya tashi.

An haife ni a wani ƙauye kusa da Waca. Gidanmu gidan noma ne, hatsi da dawa da wake, sai ƴar gyaɗa a gonar Inna. Ni yaro ne mai sanyi a lokacin. Ban taɓa dambe da kowa ba. Ko akuya na jefa da hoge a gona, idan ya same ta sai in wuni ina jin babu daɗi. An san ni da shiru da kuma ƙoƙari a lakwal, wato makarantar boko. Da na gama firamare, mushenmu, wato malaminmu, ya ce wa Baba asara ce a bar ni a gona. Aka yanke shawarar in tafi Magariya in shiga kwaleji, in zauna a hannun Gwaggo Hajara, ƙanwar Baba.

Gwaggo mijinta ya rasu da jimawa. Tuyar ƙuli-ƙuli take yi, tana sayar da man gyaɗa a kwalabe. Ɗanta ɗaya ne namiji, Mutari, ya ɗan girme ni. Taubashina ne ke nan, ni ɗan namiji, shi ɗan mace. Kun san yadda abin yake a wurinmu. Taubashi yana da izinin ya zage ka a gaban surukanka, kai kuma ka yi dariya. Yana iya ɓoye maka takalma a ƙofar masallaci, ya ce kai bawansa ne tun daga kakanni, kai ma ka ce shi ne naka. Ba a fushi, ba a kai ƙara. Wanda ya ɓata rai da wasan taubashi shi ake yi wa kallon marar tarbiyya.

Ranar da na sauka da ƙullin kayana, Mutari ya zagaye ni yana dubawa, ya ce, "Iya, wannan ne bawan da Kawu ya aiko mana? Ai bai kai kuɗin motarsa ba. Buɗe baki in ga haƙora." Na yi dariya har na manta da kewar gida. Ɗaki ɗaya muka kwana tun daga ranar.

Allah ya ba Mutari baki. A tasha yake aiki, shi ke kiran fasinja. Idan ya buɗe murya yana kiran Waca, Dungas, Sassumbrum, har wanda bai yi niyyar tafiya ba sai ya tsaya ya saurara. Tsohuwa za ta zo tana masifa a kan wurin zama, ya yi mata magana biyu, ta shige can bayan mota tana dariya tana sa masa albarka. Direbobi rububinsa suke yi. Da bakin nan yake taimakon uwarsa, da shi kuma yake tara kayan aure, domin akwai wata yarinya a unguwar da aka riga aka kai gaisuwa gidansu.

Shi ne ya fara kai ni shagon gem. Bayan tasha ne, rumfar kwano ta wani mutum da ake kira Sale, da tele biyu, da bencina, da ƙaramin inji da ake tayarwa idan an ɗauke wuta. Mutari ya ce zai nuna wa ɗan ƙauye duniya. Ya danƙa mini manet, wato abin da ake riƙewa da hannu biyu ana dannawa, ya ce in yi hankali kada in yi mata riƙon hauya. Ƙa'idar wurin ɗaya ce: wanda aka ci shi ke biya, ya tashi, wanda ya ci ya ci gaba da zama. Mutari ya yi wasa kaɗan ya koma tasha. Shi abin bai taɓa shiga ransa ba.

Ni kuwa ya shiga. Na fara da ƙwallo, daga baya na koma na faɗa, wanda mutum biyu ke dukan juna har ɗaya ya faɗi. Hannuna ya faɗa da wuri. A kwaleji ni ba kowa ba ne, ɗan ƙauye mai wando ɗaya. A shagon Sale kuwa sai in zauna tun azahar, ƴan birni suna zuwa suna tashi, ni ina nan. Ana kiran mutane daga waje su zo su ga yadda nake kayar da wane. Ban taɓa sanin ina son a kalle ni ba sai a wurin.

Abin da ban lura da shi ba shi ne yadda nake ji idan ni aka ci. Da farko dariya nake yi in tashi. Daga baya sai wani zafi ya riƙa taso mini daga wuya zuwa kunnuwa. In tsaya a bayan benci ina huci, ina jiran layi ya zagayo, ba na jin abin da kowa yake faɗa. Wata rana na buga manet da ƙasa ta tarwatse. Sale ya ce in biya, na biya, washegari ya matsa mini wuri na zauna. Wata rana kuma na mari wani da ya yi tsaki a bayana. Aka ba shi haƙuri, aka ce haka nake idan wasa ya yi zafi. Na ji daɗin wannan magana, na ɗauka suna ne na yi.

Wasa yana son abin biya, ni kuma ba ni da sana'a. Na fara da ƙuli, in cika aljihu in sayar wa masu shayi. Sannan na koma tsiyayar mai daga jarkar Gwaggo. Sannan tiyar gyaɗa daga buhu. Duk lokacin da na ɗiba sai in ce wannan ne na ƙarshe, idan na zauna a benci ba mai tayar da ni, ba sai na sake biya ba. Da abin gida ya kasa, na koma kan wani mai cajin waya kusa da shagon. Ranar kasuwa mutanen ƙauye sukan jibge masa wayoyi. Na koyi zare ɗaya idan ya juya baya, in ba wani ɗan kabu-kabu, mai haya da babur, da ke tsallaka iyaka ya sayar.

Lakwal kuwa tuni na bar zuwa. Aka kore ni, ban gaya wa kowa ba. Kullum da safe in sa kayan makaranta, in gaishe da Gwaggo, in bi ta bayan tasha in jira Sale ya buɗe.

Gwaggo ta gane. Mai sana'ar mai ta san nauyin jarkarta ko ido rufe. Ta sauya wa jarkar wuri, na gano. Ta sa kwaɗo a ɗakin, na san inda take ajiye makulli. Amma ba ta taɓa ce mini uffan ba. Tuwona yana nan a rufe, kuma idan nama ɗaya ne a miya, a kwanona yake. A lokacin na ɗauka wayona ne ya yi aiki.

Ina so ku fahimci yadda na zama a watannin nan, domin shi ne abin da ya fi ba ni tsoro yanzu. Duk abin da ke wajen shagon ya dushe mini. Aka aiko cewa Inna ba ta da lafiya, na ce Allah ya sawwaƙe, na koma kan manet. Baba ya zo Magariya sayar da wake, ya zauna yana tambayata karatu, ni ina kallon bakinsa ina lissafin wanda ya hau bencina. Abinci ba ɗanɗano, salla ba natsuwa. Abu biyu kaɗai suka rage da nake ji a jikina, daɗin cin wani da zafin a ci ni.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, bayan la'asar. Shagon ya cika har ƙofa. Na daɗe a zaune, ba wanda ya tayar da ni. Sai ga Mutari ya kutso. Na yi mamaki, domin ba ya barin tasha ranar kasuwa. Ya ce wa na kusa da ni, "Ɗan matsa, zan gwada bawana." Aka yi dariya, aka miƙa masa manet.

Mutari bai iya wasan ba. Danna komai yake yi a lokaci ɗaya, bakinsa kuma bai tsaya ba. Yana yi wa mutumin cikin tele kirari, yana tambayarsa ko ya ci abinci. Mutane suna ta ƙyaƙyatawa, hankalina ya rabu biyu, kafin in ankara nawa ya faɗi. Shagon ya ɗauki ihu. Mutari ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu kamar mai kiran fasinja.

Ya ce, "Jama'a, ku shaida, ba laifinsa ba ne. Santsi ne. Ku sansana hannunsa, man gyaɗa ne zalla. Jarkar Iya ta ƙare a kan manet ɗin Sale!"

Aka kwashe da dariya. Na ce, "Mutari, ya isa."

Ya ce, "Ina fa ya isa? Mutum ya sayar da man gwaggonsa don ya daki mutumin cikin tele, ga shi na telen ma bai daku ba. Kayan lakwal a jiki, lakwal ɗin kuwa ta manta kamanninsa. Tashi mu tafi gida, malam ɗalibi. Iya ta ce in zo da kai ko a kafaɗa ne."

Akwai wani ƙarfe da Sale yake tokare ƙyauren shago da shi don kada iska ta rufe. Ban tuna lokacin da na sunkuya ba. Na tuna dai nauyinsa a hannuna. Mutari ya riga ya juya yana miƙa wa wani manet, dariya na nan a fuskarsa. Na sauke masa a gefen kai na hagu.

Ya faɗi tsakanin benci biyu. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar inji da kiɗan gem ɗin. Zan faɗa muku gaskiya ko da ba ta da daɗin ji. Ban ji komai ba. Babu tsoro, babu nadama, fushin ma ya tafi. Na tsaya ina kallonsa ina jiran ya miƙe, domin abin da idona ya saba gani ke nan, wanda ka kayar ya tashi a sake sabon zagaye. Har na waiwaya ina neman inda manet ɗina ta faɗi. Sai da direbobin tasha suka shigo da gudu suka ɗauke shi, na ga jini a ƙasa, sannan na ajiye ƙarfen a inda na ɗauke shi.

Ban gudu ba. Jandarmomi suka same ni a zaune a kan benci. Mutari kuwa aka wuce da shi asibiti a Damagaram, ya daɗe bai san inda yake ba. A wajen bincike maganar wayoyi ma ta fito, ban musa ba.

A gaban alƙali aka tambaye ni me ya haɗa mu. Na ce wasa ne. Ya ce wane irin wasa. Na ce ya ci ni, ya yi mini dariya. Ya tambayi yadda muke da shi. Da na ce taubashina ne, sai na ji ɗakin ya ɗauki salati. Wata tsohuwa a baya ta ce, "Taubashi? Yau mun ga abin da ya fi ƙarfinmu." Baba yana zaune bai ɗaga kai ba. Da za a fita da ni ya matso ya ce, "Da ɗan wani ka daka, da na san gidan da zan je in durƙusa. Yanzu ka gaya mini, da wace ƙafa zan shiga gidan ƙanwata?"

Zaman kaso ba zan tsawaita muku shi ba. Zafi ne, da cunkoso, da ƙwarƙwata, da jiran abinci. Watannin farko yatsuna suna motsi da kansu ko ina zaune, har na kusa da ni ya tambaye ni ko tasbihi nake ja. Akwai wani dattijo da ya koya mini tufkar igiya, ita ce ta ba hannuna abin yi. Na koma salla a kan lokaci. Amma ko a sujada ina neman hawaye ba na samu.

Ban zaci Gwaggo za ta zo ba, sai ga ta wata Juma'a da ƙullin ƙuli. Ta rame. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa kamar yadda ta saba. Na tambayi jikin Mutari. Ta ce ya tashi, yana tafiya, yana cin abinci, hannun dama ne ba ƙarfi. Sannan ta ce maganar ce ba ta fita. Likita ya ce Mutari ya san abin da yake so ya faɗa, harshen ne ba ya ɗauka. Wataƙila ta dawo, wataƙila ba za ta dawo ba.

Na ce, "Gwaggo, ki yafe mini."

Ta ce, "Ni na aike shi."

Na ɗaga kai.

Ta ce, "Na san da man, na san da gyaɗar, na san an kore ka. Kai ɗan yayana ne, amana a hannuna. Da wane baki zan dube ka in ce kai ɓarawo ne? Idan na gaya wa Yaya, sai ya ce na gaji da riƙon ɗansa. Na rasa yadda zan yi. Sai na ce, Mutari, kai ne bakinka ba ya laifi a wurinsa. Je ka faɗa masa cikin wasa a gaban abokansa, ya ji kunya ya dawo gida. Ya ce mini ranar kasuwa ce, a bari sai gobe. Na ce a'a, yau."

Ta gyara lulluɓinta, ta tura mini ƙullin. Ta bi hanyar da iyayenta suka bi ne. Tun kakanninmu, abin da babba ya ji nauyin faɗa, taubashi ake ba ya kai, kuma ba a taɓa jin an zubar da jini a kai ba. Ba ta san cewa wanda take aika wa saƙon ya daɗe da daina jin wasa ba. Na koma ciki na zauna. Na raba ƙulin ga ƴan ɗakinmu, ban iya ci ba.

Daga ranar abu ɗaya nake roƙo, Allah ya mayar wa Mutari bakinsa. Duk wanda ya zo daga Magariya shi nake tambaya. Wani ya ce yana samun sauƙi, wani ya ce yana nan yadda yake. A haka na ji cewa iyayen yarinyar sun mayar da kayan gaisuwa, kuma wani ne yanzu yake kiran fasinja a tasha.

Da wa'adina ya cika, Baba ne ya zo. Bai kai ni ƙauye ba, ya ce sai mun biya gidan Gwaggo. Mun tarar da Mutari a ƙofar gida, zaune a kan tabarma, kwalaben mai a gabansa. Shi ke jiran masu saye yanzu, ya nuna farashi da yatsu. Gefen bakinsa ɗaya ya ɗan sauka. Gwaggo ta fito ta tsaya a zaure. Na durƙusa a gabansa na cire hula, na ce ya yafe mini don Allah.

Kaina duk tabo ne na ƙurajen kaso, gashin ya fito tsalli-tsalli. Mutari ya dubi kan, sai na ga idonsa ya yi haske irin na da. Ya nuna shi da hannun hagu. Ya ce, "Ka... kan... kan..." Ya tsaya, ya haɗiye yawu, ya sake. Jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya keto masa. Duk mun san tsiya ce ta zo masa, cikakkiya, irin wadda da za ta sa unguwa dariya. Baba ya jira, Gwaggo ta jira. Ni kuwa da zai yiwu, da na buɗe bakinsa da hannuna na ciro zagin na ɗora wa kaina. Ya yi ta fama har ya gaji. Sai ya bugi cinyarsa, ya yi dariya shi kaɗai. Sannan ya matsa gefe a kan tabarmar, ya ce, "Zauna."

Na zauna. Na tuba ga Allah, kuma ina nan a kan tubata, amma kada in yi muku ƙarya, har yanzu akwai wani wuri a ƙirjina da yake kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Ƙannena, ban ce gem ne ya ɗauki ƙarfe ba, ni na ɗauka. Mutane da yawa sun zauna a bencin nan sun tashi lafiya. Amma ku lura da kanku. Ranar da aka ci ka, ka ji zafi yana hawa wuyanka, ajiye manet ka fita, ko da layinka ne. Ranar da ka sa hannu a kayan gidanku don ka biya wasa, ka sani ka riga ka kama hanyar da na bi, je ka faɗa da bakinka tun abin yana ƙarami. Idan kuma ka kai inda dariyar ɗan'uwanka take yi maka kama da ta maƙiyi, to kada ka sake shiga shagon sai ka warke. Wanda yake tsokanarka a gaban mutane, wataƙila shi kaɗai ne ya damu ya zo ya tafi da kai gida.

Yanzu igiya nake tufkawa a ƙauye, ina taya Baba noma. Duk ranar kasuwa nakan hau mota in je Magariya, in ɗaukar wa Gwaggo jarkoki, in zauna kusa da Mutari in riƙa yi wa masu saye magana a madadinsa. Gashina ya daɗe da rufe tabon. Har yau ban san abin da ya so ya ce a kan kaina ba.